Yadda Ake Binciken Ire-iren Ƙudan Zuma, Rina da Zanzaro a Ƙasar Gombe, Daga Gona Zuwa Akwatin Ajiya

Sunayen da Bahaushe yake da su ga waɗannan ƙwari ba su taka kara sun karya ba. Wanda yake tara zuma a amya ƙudan zuma ne, wadda take rataya gidanta mai kama da takarda a ƙarƙashin rufin zaure rina ce, mai siririn ƙugun nan da yake ɗibar laka a gindin randa yana gini a kusurwar ɗaki kuwa zanzaro ne. A wasu garuruwa ana kiran ƙananan ƙudan zuma marasa harbi galla. Daga nan sunaye suka ƙare, sauran duk ƙwaro ne. Alhali kuwa masana sun bayyana nau'in ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, kuma kundin da masana biyu, Eardley da Urban, suka fitar a 2010 ya lissafa fiye da 2,700 a Afirka ta kudu da Sahara. Mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, kowace mace rami take haƙawa ita kaɗai a ƙasa ko a cikin itace. Babban rukunin da ya haɗa su da rina da zanzaro da tururuwa, wato Hymenoptera, yana da nau'i sama da 150,000 da aka raɗa wa suna.

Akasarin abin da aka sani game da ƙudan zuman Afirka daga kudanci da gabashin nahiyar aka tattaro shi, don haka ɗalibin da yake Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko Kwalejin Noman Lambu ta Dadin Kowa, yana zaune ne a kan fili mai faɗi da ba a nome ba. Sai dai kamun ƙwaro shi ne mafi sauƙi a wannan aiki. Abin da yake raba bincike da wasan yara shi ne, bayan shekara ashirin wani ya buɗe akwatinka ya ɗauki ƙwaro guda, ya san inda aka kama shi da ranar da aka kama shi da furen da yake kai, sannan ya iya duba ko sunan da ka ba shi daidai ne. A cikin wannan rubutu zan riƙa cewa "dangi" ga babban kaso irin su Apidae, "jinsi" ga kaso irin su Apis, "nau'i" kuma ga cikakken suna irin su Apis mellifera, wato ƙudan zuman amya, sunan da masani Linnaeus ya raɗa a 1758.

Mataki na farko: tsayar da tambaya da zaɓen wurare

Take irin "ƙwarin jihar Gombe" ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba ya kai ga wata amsa. Tambaya mai kyau kwatance take yi: shin lambunan rani na bakin Gongola a Dadin Kowa sun fi gonakin tudu na Kwami yawan nau'i, ko kuwa gonar riɗi da ke kusa da saura ta fi wadda take tsakiyar gonaki samun baƙi masu kai mata barbara? Irin wannan tambaya tana da amfani ga manomi, domin binciken da aka wallafa a 2017 daga Burkina Faso ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma, na amya da na daji, tana ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi, amfanin gona biyu da ƙasar Gombe ta san su sarai.

Kowane irin muhalli a samar masa wuri uku aƙalla, domin wuri ɗaya labarin kansa kawai yake bayarwa. A bar tazarar kilomita ɗaya zuwa biyu tsakanin wurare, saboda ƙananan nau'i ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga gidajensu, amma ƙudan zuman amya yana tafiyar kilomitoci neman fure. Kada kuma a raina busasshen daji irin na Nafada ko Dukku don ana ganin dajin Kanawa ko tsaunukan Tula sun fi shi kore. Taswirar ƙudan zuma ta duniya da Michael Orr da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ta nuna cewa busassun yankuna sun fi dazuzzuka masu yawan ruwa tarin nau'i, saɓanin yadda abin yake ga yawancin halittu.

Lokaci ma wuri ne. Gawo yana fure a farkon rani, kaɗanya da ɗorawa da mangwaro suna yi cikin rani, tafasa da kabewa da wake da riɗi sai da damina, magarya kuwa wajen ƙarshenta. Kowane zango da baƙinsa. Mafi kyau a ziyarci kowane wuri sau biyu a wata har shekara ta zagayo. Wanda watanni uku kawai yake da su ya rubuta watannin a cikin taken aikinsa, kada ya ɗora wa Agusta da Satumba nauyin shekara guda.

Mataki na biyu: sallama kafin shiga

Kafin a ajiye ko da roba ɗaya a gonar mutane, a je gaban jauro ko mai unguwa a yi bayani, a kuma nemi yardar mai gona. A gandun daji na gwamnati, kamar Yankari da ke jihar Bauchi, sai da rubutaccen izini daga hukumar da ke kula da shi. Ranar da na fara shirya robobina a wata gonar wake, wani dattijo ya jingina fartanyarsa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, magani za ka haɗa da su ne?" Na ce, "A'a Baba, ƙirga irinsu nake yi." Ya yi dariya ya ce, "Ai ƙudan zuma iri ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani zafi." Da la'asar na juye abin da robobin suka kama a kan farin ƙyalle na kira shi. Akwai kore mai walƙiya da bai kai ƙwayar shinkafa ba, akwai mai zanen fari a ciki, akwai baƙi mai faɗin kai. Ya ɗaga ɗaya da tsinke ya ce, "Ikon Allah, shekara sittin ina noma gonar nan." Daga ranar shi ya zama mai gadin robobin, ya hana yara kwashe su, ya kuma riƙa kore awaki masu zuwa shan ruwan.

Batun lafiya gajere ne amma ba a wasa da shi. Ƙudan zumanmu mai saurin fushi ne, don haka a nisanci amya, a guji turare, a sa tufafi masu haske. Idan ya harba, a kankare ƙarin da sauri. Wanda numfashinsa ya sarƙe, ko fuskarsa da leɓɓansa suka kumbura, ko jiri ya kama shi, asibiti za a kai shi nan take. A yankin Kaltungo da Billiri da Balanga da Shongom kuwa, kububuwa ta fi kowace rina haɗari, saboda haka takalmi mai rufe ƙwauri wajibi ne.

Mataki na uku: kamu

Babu dabara guda da take kama kowa, don haka ake haɗa biyu ko uku.

Ta farko ita ce tarkon robobi. A sami ƙananan robobi 30, goma farare, goma ruwan ɗorawa, goma shuɗi, domin ƙwarin suna ɗaukarsu a matsayin furanni. A zuba ruwa zuwa rabi ko fiye kaɗan, a ɗiga sabulun ruwa marar ƙamshi, wanda aikinsa shi ne ya sa ƙwaron ya nutse maimakon ya tsaya a saman ruwa ya tashi. A jera su a layi, mita biyar tsakanin kowace biyu, ana sassaɓa launi, a fili inda rana take bugawa. A ajiye kafin ƙarfe tara na safe a kwashe bayan la'asar. A Maris da Afrilu zafi yana ƙafar da ruwan tun kafin azahar, sai an zagaya an ƙara. Idan amfanin gona ya yi tsayi, a ɗaura robobin a kan sanduna daidai tsayin fure. Wajen kwashewa a tace da rariyar shayi, a juye cikin kwalba mai itanol (sinadarin barasa da yake hana ƙwaro ruɓewa) mai ƙarfin kashi 70, kowane launi da kwalbarsa. Wajibi ne mai bincike ya san son zuciyar wannan tarko: yana cika da ƙananan 'yan dangin Halictidae, manya irin su Xylocopa kuwa da wuya su faɗa, sannan idan furanni sun yi yawa kamunsa yakan ragu domin ƙwarin sun sami na gaske. Ƙarancin kamu a Satumba ba hujja ba ce cewa ƙwarin sun ragu.

Ta biyu ita ce raga, kuma ita ce take cike giɓin ta farko. Tela zai iya ɗinka ta da farin gidan sauro mai ƙananan ido, bakinta kamar santimita 38, zurfinta ninki biyu na faɗin bakin domin a iya naɗe ta bayan an kaɗa. A auna layi mai tsawon mita 100, a bi shi a hankali cikin minti 30, ana kama abin da ya sauka a kan fure mita biyu dama da hagu, ana tsayar da agogo duk lokacin da ake cire ƙwaro daga raga. A yi sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya da yamma. Mutum ɗaya ne zai riƙa kaɗa ragar daga farkon aiki zuwa ƙarshensa, domin idan aka sauya hannu, bambancin da za a gani na iya zama na gwaninta, ba na muhalli ba. Kwalbar kisa kuwa, auduga ce a ƙasa da aka ɗiga wa sinadarin etil asitet, da yayyagaggiyar takarda mai laushi a sama don kada ƙwarin su jiƙe ko su ciji juna. Wanda yake da firiza mai wuta tsayayya zai iya barin su a ciki su kwana. Ragar ce kaɗai take ba da labarin wane ƙwaro ne yake ziyartar wane fure, saboda haka abin da aka kama a kan zogale kada ya haɗu da na kan tafasa.

Ta uku ita ce tarkon Malaise, wanda ya samo suna daga René Malaise, masani ɗan ƙasar Suwidin da ya bayyana shi a 1937. Kamar ƙaramin tanti yake, da labule a tsakiya, ƙwaro ya bugi labulen ya haura sama neman haske ya faɗa kwalbar itanol. Shi ne gwanin kama ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a jikin wasu ƙwari, kuma ana kwashe shi mako-mako. Sai dai mako ɗaya na damina yana iya tara abin da zai ci wata guda ana tsincewa, don haka ɗalibin da lokaci ya ƙure masa ya yi tunani kafin ya kafa shi.

Akwai kuma dabarar gidan haya: a huda guntun katako da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin santimita 10 zuwa 15, ko a ɗaure guntayen gora, a rataya a inuwa. Masu yanka ganye da masu toshe rami da laka za su tare, a ga abincin da kowa yake tara wa 'ya'yansa.

Mataki na huɗu: takardar shaida

Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin nan na taɓa faɗuwa. A farkon aikina na rubuta takardun kwalabe da biro na jefa cikin itanol. Bayan mako uku na buɗe na tarar ruwan ya zama shuɗi, takardun kuma fari fat, kwalabe tara daga wurare biyu ba a san na ina ne na ina ba. Ƙwarin lafiyarsu lau, amma a ilimance sun zama shara, haka na zubar da su.

Ƙa'idar ita ce a rubuta da fensir a kan takarda mai kauri, a sa ta cikin kwalbar tun a gona, kafin a taka zuwa wuri na gaba. Rubutu a kan murfi ba abin dogaro ba ne, domin murfi yana sauya kwalba. Abin da za a rubuta: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, sunan ƙauye, lambobin wuri da aka ɗauka da wayar hannu, rana, dabarar kamu, sunan tsiro idan da raga ne, da sunan mai kamu. Lambobin wuri a rubuta su da ɗigo huɗu bayan digiri, kuma a tabbata latitud ya zo kafin longitud. Garin Gombe yana wajen digiri 10.3 arewa da 11.2 gabas, wanda ya juya su ya kai ƙwaronsa wani gari dabam ba tare da ya sani ba. Wata kuma da lambar Romawa ake rubuta shi, misali 5.viii.2025, domin 5/8 a Amurka takwas ga Mayu ake karanta shi. A littafin gona a ƙara yanayin sama, iska, furannin da suka buɗe, da ko an yi feshi a gonar cikin makon, wanda sai an tambayi mai gona.

Bayan an soke ƙwari, kowane ɗaya yana samun takardarsa a jikin fil ɗinsa, da lamba tasa shi kaɗai, wadda ita ce za ta zama layinsa a jadawalin kwamfuta. Takardar suna dabam take, a ƙarƙashin ta wuri, ɗauke da sunan wanda ya tantance da shekarar. Idan wani ya zo ya gyara sunan, ƙara tasa yake yi, ba a cire ta farko.

Mataki na biyar: wanki da suka

Ƙwaron da ya fito daga ruwan sabulu gashinsa a manne yake, kuma da gashi ake gane da yawa daga cikinsu. A zuba su cikin ƙaramar kwalba da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, a girgiza na minti ɗaya, a ɗauraye, a tsoma cikin itanol mai ƙarfi, a tsane a kan takarda mai laushi, sannan a hura musu iska har gashin ya miƙe. Fil ɗin ɗinki yana tsatsa kuma ya cika kauri, sai a nemi na ƙwari mai lamba 1 ko 2. A soka a ƙirji, ɗan dama da tsakiya, don gefe ɗaya ya tsira cikakke, a bar kamar milimita 10 a sama wurin riƙewa. Waɗanda suka cika ƙanƙanta a manna su a bakin 'yar takarda mai tsini. Tun jiki yana da laushi a jawo harshen waje da bakin fil, a buɗe muƙamuƙai, a gyara fukafukai yadda jijiyoyinsu za su fito, namiji kuma a zaro al'aurarsa, domin a jinsuna da dama da ita kaɗai ake raba nau'i da nau'i. Wanda yake da niyyar gwajin ƙwayar halitta ya cire ƙafa ɗaya ta tsakiya ya ajiye a itanol mai ƙarfin kashi 96 a wuri mai sanyi. Guntun ƙwayar halittar (DNA) da ake karantawa don gane nau'i ana kiransa COI, mai tsawon harafi 658, dabarar da Paul Hebert ya gabatar a 2003.

Mataki na shida: rarrabewa

Ana buƙatar madubin ƙara girma mai ido biyu da fitila mai kyau. Farko a fitar da 'yan kutse. Ƙudaje na dangin Syrphidae suna kwaikwayon ƙudan zuma har su ruɗi gwani, amma fukafukinsu biyu ne, eriyarsu, wato 'yan ƙahonin nan biyu na goshi, gajera, idanunsu sun cinye kai. 'Yan Hymenoptera fukafuki huɗu gare su, na baya yana maƙale da na gaba da 'yan ƙugiyoyi. Sannan a raba ƙudan zuma da zanzaro: gashin ƙudan zuma yana da rassa kamar gashin tsuntsu, musamman kusa da gindin fiffike, na zanzaro kuwa miƙaƙƙe ne. Dalilin yana cikin tarihinsu, domin ƙudan zuma zuriyar wasu zanzaro ne mafarauta da suka koma ciyar da 'ya'yansu da garin fure fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Mace gaɓoɓin eriyarta 12 ne, namiji 13, kuma namiji ba ya harbi.

Dangin ƙudan zuma bakwai ne, shida daga ciki suna Afirka, na bakwai, Stenotritidae, a Ostareliya kawai yake. Megachilidae su ne mafi sauƙin ganewa: mace tana ɗaukar garin fure a burushin gashi da ke ƙarƙashin cikinta, kuma 'yan ɗakunan da jijiyoyi suka kewaye a ƙarƙashin gefen fiffiken gaba biyu ne. Su ne masu yanke gefen ganye su bar shi da da'ira kamar an sa almakashi. Halictidae ana gane su da wata jijiya a gindin fiffike mai lanƙwasa sosai, a cikinsu ne ake samun Lasioglossum da Lipotriches da Pseudapis. Colletidae harshensu gajere ne, yawanci mai baki biyu. Andrenidae suna da layi biyu a ƙarƙashin kowace eriya. Melittidae ba su da yawa. Apidae kuwa gida ne babba: akwai Apis mai gashi a ido da kwandon garin fure a ƙafar baya, akwai Xylocopa, ƙaton nan mai gurnani da yake huda azara, akwai Amegilla mai zane a ciki da saurin tashi, da Thyreus mai ɗigon fari ko shuɗi da take yin ƙwai a gidan Amegilla, da ƙananan marasa harbi irin su Hypotrigona da Meliponula. Xylocopa da Amegilla suna girgiza fure har garinsa ya zubo, abin da tumatir da gauta da tafasa suke buƙata, kuma ƙudan zuman amya ba ya iyawa.

Kurakurai biyu sun zama ruwan dare a rubuce-rubucen ɗalibai. Na farko shi ne kiran Xylocopa da sunan Bombus, wani ƙaton ƙudan zuma mai yawan gashi, don an ga hoto a littafin Turai, alhali babu Bombus na asali a kudu da Sahara. Na biyu shi ne rubuta Apis mellifera adansonii, wato sunan reshe ɗaya daga rassan nau'in, ga duk ƙudan zuman amya ba tare da an auna komai ba. Gaskiya ne adansonii, wanda Latreille ya raɗa wa suna a 1804, shi ne sananne a Afirka ta Yamma, amma an ba da rahoton wani reshen, jemenitica, a yankin Sahel daga Sudan zuwa Chadi, mu kuwa muna tsakanin yankunan biyu. Wanda bai auna fiffike ko ya yi gwajin ƙwayar halitta ba, ya tsaya a Apis mellifera.

A ɓangaren rina da zanzaro, Vespidae suna naɗe fukafukinsu a tsaye idan sun sauka, kuma idonsu yana da loko ta ciki kamar ƙoda. A nan rinar gida take, wato Belonogaster, da Polistes da Ropalidia, haka ma masu gina 'yar tukunyar laka irin su Delta da Synagris. Mai baƙin jiki da ƙugu ruwan ɗorawa siriri kamar zare, Sceliphron spirifex, ɗan Sphecidae ne. Da shi da Delta duka zanzaro Bahaushe yake ce musu, amma idan ka fasa ɗaki ɗaya na ginin a hankali da bakin wuƙa, bambancin zai bayyana: a ɗakin Sceliphron gizo-gizo ne a cushe, sumammu ba matattu ba, da farin ƙwai manne a jikin ɗaya, a tukunyar Delta kuwa tsutsotsin ganye ne, ƙwan yana reto a zare daga rufi. Pompilidae masu dogayen ƙafafu ne, suna gudu a ƙasa suna karkaɗa fiffike, farautar gizo-gizo suke yi. Mutillidae matansu ba su da fiffike, ga gashi kamar karan-miski, ga harbi mai raɗaɗi, kada a ɗauke su da hannu da zaton tururuwa ce. Chrysididae kore ne ko shuɗi mai ƙyalli, suna dunƙulewa idan an taɓa su. Kusa da amya kuma ana iya cin karo da Philanthus triangulum, mai farautar ƙudan zuma.

Ƙananan da ba a kula da su sun fi kowa aiki. Habrobracon hebetor, ɗan Braconidae, shi ake saki a gonakin Nijar da Burkina Faso da Mali don yaƙar tsutsar zangarniyar gero. Anagyrus lopezi kuwa, da aka kawo daga Kudancin Amurka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara sakinsa a 1981, shi ya ceci rogon Afirka daga farin ƙwaron da ya addabe shi, aikin da ya sa Hans Herren ya sami kyautar abinci ta duniya a 1995. Hausawa kan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa, amma mai bincike tonawa yake yi, domin 'yan ƙwarin da ke ciki zanzaro ne na dangin Agaonidae, kuma Ceratosolen arabicus ne yake yi wa ɓauren Ficus sycomorus barbara.

Don kaiwa ga jinsi ana amfani da mabuɗi, wato littafin da yake jagorantar gane ƙwaro ta siffofinsa; mabuɗin da Eardley da Kuhlmann da Pauly suka wallafa a 2010 kan jinsunan ƙudan zuman Afirka ta kudu da Sahara yana samuwa kyauta a intanet, ga zanzaro kuma akwai WaspWeb na gidan tarihin Iziko da ke Afirka ta Kudu. Kaiwa ga nau'i kuwa sau da yawa sai ƙwararre. Babu abin kunya a rubuta Lasioglossum sp. 1 da Lasioglossum sp. 2, wato nau'i na ɗaya da na biyu da ba a gano sunansu ba, muddin an ware wakilin kowanne an bayyana abin da ya raba su. A dai yi hattara da maza da mata, domin a wasu Xylocopa namiji ruwan ɗorawa ne gaba ɗaya, mace kuma baƙa ce mai ɗorawa a ƙirji, wanda bai sani ba sai ya ƙirga su nau'i biyu. Sunan da manhajar waya ta bayar daga hoto shawara ce kawai, sai mabuɗi ya tabbatar.

Mataki na bakwai: lissafi

A shirya wani jadawalin na lissafi, wurare a layuka, nau'o'i a ginshiƙai, adadi a tsakiya. Kafin a ruga ga ma'aunin Shannon ko na Simpson, masu auna yawan bambancin nau'o'i a wuri, waɗanda manhajar lissafi ta PAST take fitarwa cikin daƙiƙa, a zana layin da yake nuna yadda nau'o'i suke ƙaruwa da ƙaruwar kamu. Idan layin bai kwanta ba, da sauran waɗanda ba a gani ba. Ma'aunin Chao na 1984 yana kimanta su: a ɗauki adadin nau'in da aka kama sau ɗaya tak, a ninka shi da kansa, a raba da ninki biyu na waɗanda aka kama sau biyu, a ƙara a kan jimla. A ce an sami nau'i 40, 12 daga ciki sau ɗaya, 6 sau biyu, to 144 a raba da 12 ya ba da 12, ke nan wurin yana da aƙalla wajen 52. Ba a kwatanta wurin da aka ziyarta sau goma da wanda aka ziyarta sau huɗu sai an daidaita ƙoƙarin. Kuma yana da kyau a yi lissafin sau biyu, da Apis mellifera da kuma ba shi, domin amya ɗaya a kan ɗorawar maƙwabci tana iya danne dukkan alƙaluman wuri.

Mataki na takwas: ajiya da yaɗa bayanai

Abokan gaban akwati uku ne: kiyashi, ƙananan ƙwari masu cin busasshen nama, da fumfunar damina. Akwati ya kasance mai murfi da yake kamewa, a shimfiɗa soso mai tauri a ƙasa, a ɗaure ƙwallon kafur a ƙyalle a soke shi a kusurwa don kada ya yi birgima ya karya ƙafafu, a ƙara ƙullin gishirin silika mai tsotse laima. Ƙwarin da suke bushewa a ɗora su a tebur da ƙafafunsa suke cikin gwangwanin ruwa, in ba haka ba kiyashi zai bar maka fil da takarda zalla kafin gari ya waye. Idan aka ga gari-gari a ƙarƙashin wani ƙwaro, a naɗe akwatin a leda a sa shi a firiza na mako guda.

Bayan an kare aiki, akwatin ba na ƙarƙashin gado ba ne. A miƙa shi ga sashen da aka yi karatu, a kai kwafin wakilan nau'o'i gidan ajiyar ƙwari na Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a rubuta a cikin kundin aikin inda kowanne yake. Tura ƙwaro ƙasar waje don tantancewa yana buƙatar izinin hukuma, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ƙasashe suka ƙulla kan amfani da albarkatun halittu. Jadawalin kuwa, mai layi ɗaya ga kowane ƙwaro, a nemi wata cibiya mai rajista ta ɗora shi a GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya a intanet, hotuna kuma a sa su a shafin tara hotunan halittu na iNaturalist, kowane ƙwaro hoto uku, ta sama da ta gefe da ta fuska, tare da lambar da take jikin fil ɗinsa.